Ƙafafun da Ba Na Ji Sun Kai Ni Kilomita Ɗari

Salama a gare ku 'yan'uwa, cikin sunan Yesu Almasihu wanda ya tara mu da safen nan. Baba Fasto, dattawan ikkilisiya, iyayena na Zumuntar Mata, na gode da kuka ba ni fili. Sunana Saratu, amma yawancinku Maman Keziya kuke kirana. Wancan da ya sunkuyar da kai a layi na biyu shi ne maigidana, Baban Keziya. A Pleasant Garden muke zaune, nan kusa da Greensboro.

Da yawa cikinku kun zo asibiti lokacin da aka same ni da ciwon dajin mama. Kun yi azumi, kun kawo mana gwate da kunu har firij ya cika. Aka yi mini aiki, aka yi kemo, wato maganin kashe dajin, likita ya ce ba sauran ciwo. Na tsaya a nan wurin, kuka tafa, muka yi godiya. Abin da ban faɗa muku ba ranar shi ne, ba na jin ƙasar da nake tsaye a kai.

Maganin da ya kashe ciwon ya taɓa jijiyoyin ƙafafuna. Daga idon sawu zuwa yatsu, kamar an naɗe su da bargo. Takalmi ya taɓa fita daga ƙafata a bakin kanti, ban sani ba sai da wata mata ta biyo ni da shi a hannu. Na daina tuƙi domin ban san ko birki nake takawa ko totur ba. Kun san unguwarmu, wanda ba ya tuƙi a can ɗan kurkuku ne. Aikin jinya da nake yi a gidan tsofaffi ma na ajiye.

Duk wanda na yi wa kuka sai ya ce, "Maman Keziya, ki gode Allah kina da rai." Na sani. Ina godiya. Amma in na ji wannan magana sai raina ya yi ɗaci. Na yi addu'a, an shafa mini mai, an ɗora mini hannu. Kowace safiya sai na mintsini babban yatsana in ji ko an amsa. Shiru. Na zauna a kujerar falo ina kallon motoci suna wucewa, ina jin haushin kowa, har da Wanda ya raya ni.

'Yarmu Keziya tana aure a arewacin Minnesota. Wata Kirsimeti ta matsa sai mun je. A can na san uwar mijinta, Linda, farar mace da ta girme ni, ga furfura amma ba ta zama wuri ɗaya. Ta ga yadda nake lallaɓa bango in zan je kicin. Washegari ta zo da wasu dogayen katakai biyu sirara da sanduna biyu, abin da suke kira ski, wanda ake ɗaurawa a ƙafa a yi ta sulɓi a kan dusar ƙanƙara.

Na ce, "Linda, ni da ba na iya tafiya a kan siminti?"

Ta ce, "Shi ya sa. A nan ba ɗaga ƙafa za ki yi ba, tura ta za ki yi. Abin da ƙafarki ba ta gaya miki ba, sandunan za su gaya wa hannunki."

Na faɗi har na gaji da faɗuwa. Amma can wajen yamma na samu wani ɗan miƙaƙƙen wuri, na tura, na sake turawa, sai na ji iska tana dukan fuskata. Rabon da in yi sauri da jikina tun kafin ciwo.

A teburin abinci Linda ta ba da labarin wata ƙungiyarsu ta masu ski. Duk shekara, kusa da ƙarshen sanyi, sukan bi wata hanya ta cikin daji, kilomita ɗari, a yini ɗaya. Ban san lokacin da bakina ya ce, "Ni ma zan yi" ba.

Baban Keziya ya ajiye cokali. Ya ce da Hausa don kada surukai su ji, "Maman Keziya, ke da ba kya zuwa bakin titi ɗauko wasiƙa sai da sanda?"

Na ce, "Ka ji dai abin da na ce."

Likitana bai hana ba, amma ya kafa sharaɗi. Ya ce mai lafiyar ƙafa in sanyi ya fara cin yatsunsa, zafi zai gaya masa. Ni ba abin da zai gaya mini. Dole wani ya riƙa cire mini takalmi yana duba yatsun a hanya. In ɗaya ya yi fari, an gama, in ba haka ba a yanke shi. Maigida ya ce shi zai duba. Na san dalilinsa, so yake ya zama mai ikon cewa a tsaya.

To, ina zan koya? Greensboro in dusar ƙanƙara ta sauka, a rufe makarantu, kafin azahar ta narke. Linda ta aiko mini da ski irin na taya, wanda ake hawa a kan kwalta. Maigida ya riƙa kai ni hanyar masu keke kafin ya tafi aiki. Karnuka suka yi mini haushi. Na goge gwiwa da gwiwar hannu a kwalta. Wata rana na cire safa na tarar da jini, ƙafar ta fashe tun ɗazu ban sani ba. Wata 'yar'uwa a cikinku, ba zan faɗi suna ba, ta gan ni ta kira maigida tana tambaya ko maganin ya taɓa mini kai.

Shekarar farko muka hau jirgi muka je. Ana gobe za a tashi, sai ruwan sama. Dusar ta zama taɓo, aka fasa. Na ce, "Ubangiji, a ƙasar da sanyi ke kashe mutane, sai da na zo ka aiko da ɗumi?"

Shekara ta biyu an yi. Ina tafiya lafiya, ƙarfina bai ƙare ba, ban kai rabi ba sai muka iso inda hanyar ta ratsa titi, inda maigida ke jira da mota. Ya cire takalmin hagu, ya duba yatsun.

Ya ce, "Ƙaramin ya yi fari. Shiga mota."

Na ce, "Ka murza shi, zai dawo."

Ya ce, "Shiga mota, Saratu."

Bai cika kiran sunana ba. Na shiga. Haka muka koma Greensboro ina fushi da shi. Yatsan ya warke, amma haushin ya daɗe.

Bana muka koma karo na uku. Muka tashi gari bai gama wayewa ba. Da farko lafiya. Bayan rabin hanya iska ta juyo tana dukan ƙirjina, sabuwar dusa ta fara zuba tana manne wa ƙasan katakan, kowane taki kamar ina jan buhun masara. Waɗanda muka tashi tare duk suka wuce. Tsofaffin da na wuce da safe su ma suka wuce ni, kowa ya ce mini sannu da ƙoƙari, ni kuwa kamar in jefe su da sanda.

A wata gangara ƙafar dama ta karkace. Ban ji ba, sai dai na ga kaina a ƙasa, fuska cikin dusa, sanda ɗaya can gefe. Ba kowa, sai itatuwa. Na yunƙura na koma. Na sake yunƙurawa na koma.

A nan na yi addu'ar da ban taɓa yi a gabanku ba. Da ƙarfi na yi ta, da Hausa. Na ce, "Me kake so da ni? Ka raba ni da ciwo ka bar ni da rabin jiki. Na roƙe ka, ka yi shiru. Na ce to bari in yi wannan abu ɗaya, ka aiko ruwa, ka aiko sanyi, yanzu ka kwantar da ni a daji. Na gaji da kai, Uba. Na gaji."

Ban ji murya ba. Ban ga haske ba. Na yi kuka har hawayen suka daskare a kumatuna. Da kukan ya ƙare, sai na ji bakina ya sake buɗewa, ba da faɗa ba wannan karon. Na ce, "To, in ba za ka maido mini da su ba, kai ka riƙe su. Ni ban san inda suke ba, kai ka sani."

'Yan'uwa, ɗacin ran da nake ɗauke da shi tun daga asibiti, a wurin ya sauka. Na jawo sandar, na durƙusa, na miƙe.

Da na iso mararraba ta ƙarshe, rana ta yi ƙasa. Masu kula da hanya suka ce saura kaɗan su rufe. Maigida ya zaunar da ni a bayan mota, ya cire takalman. Na kawar da kai, ba na so in ga fuskarsa. Sai na ga ya buɗe rigar sanyinsa, ya ɗaga ta ciki, ya ɗora ƙafafuna biyu a kan cikinsa, cikin wannan iska. Jikinsa na rawa. Ya daɗe a haka, sa'an nan ya duba yatsun ɗaya bayan ɗaya.

Na ce, "Faɗi mana."

Ya ce, "Suna nan da jininsu." Ya sa mini busasshiyar safa, ya ɗaure takalman da kansa. "Tashi ki je ki gama abin nan mu huta."

Linda ta ɗaura nata ski ta bi ni a wannan zangon, ta sa mini fitila a goshi. Cinyoyina suna rawa, hannuwana sun ƙi ɗaga sanda sosai, na sake faɗuwa sau biyu. Duhun magariba ya rufa kafin na hango fitilun motoci. Ni ce ta ƙarshe. Masu kula da hanya har sun fara naɗe tebura. Keziya ta rugo tana ihu da Turanci, ta rungume ni muka zube tare.

Kada wani ya fita nan ya ce an warkar da ƙafafun Maman Keziya. Ba a warkar ba. Yanzu haka da nake tsaye ba na jin su, kuma wasu ranakun abin yana ba ni haushi har yanzu. Ban fahimci dalilinsa ba. Amma ya fisshe ni daga ɗacin ran da ya kusa cinye ni fiye da ciwon, ya kuma ɗauke ni kilomita ɗari a kan ƙafafun da na ɗauka sun gama aiki. Na gode wa Yesu. Na gode wa mutumin nan da ya sha fushina bai rama ba.

In akwai wanda ke zaune a nan da addu'ar da aka amsa rabi, kada ka yi kamar ba komai. Gaya masa yadda take, ko da faɗa ne, zai iya ɗauka. In ka gama faɗan, ka miƙa masa abin, ka tashi. Ubangiji ya riƙe mu duka. Amin.