Gaisuwar da Ta Tare wa Dawa Ruwa

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu, 'yan'uwana da muke taruwa a wannan ɗan ɗaki na garin Madani. Sunana Bitrus, amma a ƙauyen da nake zaune kusa da Wad Haddad, Butrus suke ce mini, kuma na gaji da gyara musu. Na zo in faɗi yadda Ubangiji ya cece ni daga hannun dattawa masu kirki. Ku riƙe dariyarku tukuna, domin na sha wuya.

Gyaran waya ne ya kawo ni ƙasar nan. Da mutanen ƙauyen, waɗanda Hausawa ne, suka ji ina Hausa, sai suka riƙe ni kamar ɗansu, ba su damu da cewa ni Kirista ne ba. Wata tsohuwa, Hajja Hawwa, ita ta ba ni ɗaki, ita ke aiko mini da kisra, wato wainarsu ta dawa, da miya kullum.

Wata rana ƙungiyar manoma ta ce in yi mata shafin intanet da za a riƙa buɗewa a waya. Dalili ɗaya ne tak: ranar ruwa. Kowace hawasha, wato gonar ban ruwa, tana da ranar da ake sako mata ruwa, ranar kuma takan canza. Masu gonakin da yawa suna Sinnar ko Damazin neman aiki. Wanda bai ji ba, ruwa ya wuce shi.

Na yi shafin, na ɗora ranar ruwa a can sama, na kai wa Hajj Adamu, babban dattijon ƙungiyar. Ya duba, ya ɓata rai.

"Ya Butrus, mi ne ne wanga? Mutum shi shigo gidanka, ko sallama babu, ka ce mishi ruwa ran Talata? Aib, wallahi."

Na ga kamar yana da gaskiya. A nan ko gobara ce ta kawo ka, sai ka tambayi lafiyar yara kafin ka nemi bokiti. Na sa sallama a sama. Na sa ya gida, ya iyali, ya gajiya. Sai ya aiko da hotonsa, wai baƙo ya san wanda ke gaishe shi.

Washegari ga Hajj Yakubu, abokin hamayyarsa tun suna samari, ya zo shagona da jabana, wato butar gahawa, da dabino. Ya zuba mini kofi da hannunsa.

"Ni ban ce komi ba, ya waladi, ɗana. Amma kakana ya riga kakanshi isowa ƙasar ga."

Na sa hotonsa. Daga nan ƙofa ta buɗe. Liman, ladan, mai injin niƙa, kowa da gaisuwarsa, kowa da dalilin da ya sa ya kamata ya hau kan wani. Ba wanda ya taɓa ɗaga mini murya. Da shayi suka gama da ni.

'Yan'uwa, fuskar waya ba ta kai tafin hannu ba. Duk wanda na ƙara, ranar ruwa sai ta ƙara nutsewa, har ta koma ƙasan ƙasa. Ga shabaka, wato netwok, a gona ba ƙarfi, hoto ɗaya sai ka shanye shayi bai gama buɗewa ba.

Waya na yin ƙara sai gabana ya faɗi. Mai gyaran waya yana tsoron waya!

Sai abin ya taɓa Hajja Hawwa. Ta je Sinnar wajen 'yarta da ta haihu, ta buɗe shafin, ta yi ta ja da yatsa. Tana daidai gemun Hajj Yakubu batir ya mutu. Ruwa ya wuce ta. Na je na ga dawarta, ganyen duk ya naɗe. In ta sake rasa ruwa, abincinta na shekara ya tafi.

Da ta dawo, kisra ta zo kamar kullum, har da ƙarin miya. Na kasa ci. Kunya ta kama ni, irin wadda ban taɓa ji ba.

Da tsakar rana na rufe shago, na durƙusa a tsakanin matattun wayoyi. Na ce, "Ubangiji, ka san bakina ba ya iya ce wa babba a'a. Ko ka ba ni baki, ko ka ba su ido." Na yi kuka sosai. Da na tashi zuciyata ta kwanta, kuma na san abin da zan yi.

Na roƙi Hajj Adamu ya raka ni gonar Hajja, ita ma tana wurin. Rana ta take. Na miƙa masa waya na ce, "Ya Hajj, don Allah duba mata yaushe ne ruwanta."

Ya ja, sallama. Ya ja, ya gida. Ya ja, ya gajiya. Gumi ya fara sauko masa. Sai wani hoto ya soma buɗewa daga sama, ya tsaya cak, farin rawani kawai ya cika fuskar wayar.

"Wane ne wanga mai rawani da ya tare hanya? Ba shi da aikin yi? Mutane na biɗar ruwa, shi ya zo ya zamna!"

Shabaka ta ɗan motsa, fuska ta sauko. Tasa ce.

Hajja ta ja mayafi ta rufe baki, kafaɗunta na rawa. Shi kuwa ya daɗe yana kallon dawar nan. Sannan ya miƙo mini wayar.

"Halas, ya isa. Ka kwashe mu dut. Ka hwara da ni."

Yanzu in ka buɗe shafin, maɓallai uku ne manya, waɗanda ko yatsan manomi ba zai kuskure ba: Ruwa, Kasuwa, Rasuwa. Ba hoto ko ɗaya. A ƙasansu akwai na huɗu, Gaisuwa, can na tara dattawana. Don kar a sake kawo mini jabana, na sa shafin ya riƙa juya su, duk buɗewa da wanda zai fito a sama. Ku je gindin darbejiya bayan la'asar ku gan su, kowa na rufewa yana buɗewa har sai ya ga kansa a gaba, sannan ya nuna wa na kusa da shi.

Hajja ta koma Sinnar wajen jikanta. Taɓawa ɗaya ta ga ranarta, ta hau mota ta zo. Ina tsaye a bakin gonar lokacin da ruwa ya shigo, yana bin kunya-kunya, ƙasa na sha. Ta dube ni ta ce, "Ya waladi, yau ka ci abincinka." Na ci, har na nemi ƙari.

Na gode wa Yesu da ya ji addu'ar matsoraci. Ɗan'uwa, in akwai maganar da ta fi ƙarfin bakinka, kai ta gabansa, ka dogara gare shi. Ni ban ce wa kowa a'a ba, ga dawar Hajja can ta fitar da kai. Amin.