Farfelar da Ta Wuce Katanga

Kai, kun ji abin da na jiyo a tashar Kazaure? Ina goye da Shatu, ga wani rungume da ƙatuwar farfela, wani tsoho ya tanka masa.

"Malam, jirgin sama za ka haɗa?"

"Baba, bar ni da takaicina. Tun da aka koma naira kuɗin lantarki ya ishe ni. Na sayar da kekena na sayi farfelar nan, na kafa ta kan dogon ƙarfe, na sa aka yanke min waya. Iska ta juya ta, ƙwan lantarki ya kama!"

"Me ya sauko da ita?"

"Hawa nake in sa mata mai. Maƙwabta suka ce ina hango matansu."

"Ba ka sanarwa kafin ka hau?"

"Ina yi! Mai unguwa ya ce kada ta wuce katanga."

"Ina iska a ƙasan katanga?"

"Kaji ke kwana kanta. Ba keke, ba wuta. Karɓi ko kyauta."

"Ni ma da maƙwabta, ɗana."

Mu kuwa a Roni dutse ne maƙwabcinmu! Don Allah a gaya wa baban Shatu ya garzayo ya karɓe ta!