Manyan Ƙungiyoyi Huɗu Za Su Rufe Mana Ƙofa

Assalamu alaikum, mai gabatarwa, da dukkan masu sauraro.

Manyan ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa huɗu na garin Sakkwato, na kamfanoni da ma'aikatu, sun sa hannu a takardar kafa gasa tasu su kaɗai, wadda babu hawa babu sauka.

Ni ne sakataren ƙungiyar unguwarmu, Gidan Dahala. Al'adarmu ita ce, bayan ƙaramar salla zakaran unguwanni yakan kara da wadda ta zo ƙarshe cikin manya, wanda ya ci ya zauna a sama. Bana mu ne zakara. Golanmu Bulus kafinta ya ƙi karɓar aiki a Kaduna saboda wasan nan, ya ce sai ya tsare mana raga tukuna.

Na je wurin shugaban ƙungiyar da za mu kara da ita. Ya yi dariya ya ce, "Malam sakatare, ku da ka zuwa hili bisa kekuna, mi za ku yi cikin manya?" Na ce, "Alhaji, ku zo da sabuwar motarku, mu zo da kekunanmu, a busa usur."

Ranar Asabar da la'asar za mu tsaya a fili cikin rigunanmu, ko sun zo ko ba su zo ba. Masana dokar wasa, ku ba mu shawara. Mun ji cewa hafsan da ke kula da wasanni bai buga wa takardarsu hatimi ba tukuna, amma ba mu tabbatar ba.