Amanar Filin Nafiou a Ntoum

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Shugaban taro Alhaji Moustapha, Malam Liman, dattawan ƙungiyarmu, iyayenmu mata, 'yan'uwa da kuka rufe shaguna a unguwar London ta garin nan da waɗanda kuka baro lodi a tashar jirgin ruwa ta Port Môle, ina gaishe ku, ina kuma gode muku da ruwan saman nan bai hana ku fitowa ba.

Kun ji sabuwar doka: takardar fili da ta gida yanzu ta kwamfuta ake shigar da su, an daina yawon biro-biro, wato ofisoshin gwamnati, da dosiyen takardu a hammata. Ni ma na yi gunaguni da farko, don wayata ma sai 'yata ta latsa mini. Amma in kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza, kuma na ga alherin abin. Abin da aka shigar gara ba ta cin sa, danshi ba ya goge shi, gobara ba ta ƙona shi.

Sai dai dokar ta tono wata al'adarmu. Baƙo in ya sayi fili bai gama takardun zama ba, sunan maigidansa ake rubutawa, a kira shaidu biyu, a shafa fatiha, shi ke nan. Kwamfuta kuwa ba ta halarci fatihar ba. Sunan da ta gani shi ne mai fili.

Haka marigayi Nafiou direba ya sayi filinsa a garin Ntoum, shekara goma sha tara ke nan, da sunan Alhaji Issoufou da kuke gani zaune can. Shaida ɗaya ya rasu, ɗayan ya koma Maraɗi an rasa labarinsa. Nafiou ya bar matarsa Zeinabou da marayu huɗu a ɗakin haya, ba su da komai a ƙasar nan sai filin nan, shi ma ba da sunansu ba. Da Alhaji ya yi shiru, wa zai tambaye shi?

Bai yi shiru ba. Ya ɗauki takardar, ya sa Zeinabou gaba har biro. Ma'aikaciyar ta ce, "Sunanka ne a nan, in shigar?" Ya ce, "Sunana ne, amma ba gumina ba ne. Sa na yaran nan." Ta ce hanyar da tsawo, sai an yi takardar mayarwa. Sau bakwai dattijon nan ya koma, da ciwon gwiwarsa.

Alhaji, na ga kana hararata. Yi ta harara, yabon gwani ya zama dole, kuma wallahi ka sa ni alfahari da mutanenmu.

Roƙona biyu ne. Na farko, kowa ya buɗe akwatinsa ya kawo takardarsa nan ranar Asabar. Malama Ummussalma, wadda ta karanci shari'a, za ta zauna da kwamfuta ta taimaka. Na biyu, kuma shi ne babba: duk wanda ke riƙe da filin wani da sunansa, ya mayar tun yana da rai, don 'ya'yanmu takarda za su gada, ba za su gaji labarin ba.

Jiya saƙo daga biro ya shigo wayar Zeinabou, filin ya koma sunan yaran. Ba ta jin Faransanci, sai ta sa 'yarta Hafiza ta karanta mata sunayen nan huɗu, har sau uku. Gobe tipar yashi za ta sauke a Ntoum, a fara musu gini.

Allah Ya jiƙan Nafiou, Ya raya marayunsa, Ya saka wa Alhaji Issoufou da gidan Aljanna. Allah Ya zaunar da ƙasar da ta karɓe mu lafiya, Ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.