Kaza Ta Ƙi 'Ya'yanta Bayan An Tsoma Su a Galura

Assalamu alaikum mai gabatarwa. Daga Kurgu nake, ƙasar Bagudo. Injin niƙana da gonar shinkafata da gumina na same su, ba wanda ya tallafa mini. Yau 'yan tsaki sun gagare ni.

Ƙwan manyan kaji na sayo a tsallaken iyakar Benin, kazata ta kwanta a kai ta ƙyanƙyashe. Da shirwa ta ɗauke ɗaya, maƙwabcina ya ce, "Malam Garba, tsoma su cikin galura, shirwa ba ta taɓa ja." Na tsoma su, ga sanyin damina. Uwar ta ƙi su, wanda duk ya nufi ƙarƙashin fiffikenta sai ta caccake shi.

Yanzu fikafikansu sun sauka, suna farin zawo, ba sa ci. Na ba su ruwan barkono, na ajiye musu garwashi kusa, duk a banza. Uku suka rage, ɗaya ko ido ba ya buɗewa.

Masu sani, mi zan ba su? Ku karanta sunana cikakke, Garba Mai Inji Kurgu, don mai magani ya san gidan da zai yi sallama tun da sauran mai numfashi.