Mutum Arba'in da Ɗaya Ne Suka Kalla

A ɗakin jiran jirgin ƙasa na Östersund, Torsten, tsohon direban bas, yana riƙe da gahawar da ta huce. Matar da ke gefensa ta ninke jarida ta ja tsaki.

"Ka ga an cire yarinyar nan Majken daga gasar fitar da waƙar da za ta wakilce mu a Turai? Ita na yi niyyar zaɓa."

"Na gani."

"Dokar a fili take, waƙar da ta riga ta fita ba ta shiga. Wani sakarai ya ɗauke ta tana rerawa a bikin tsakiyar bazara, ya sa a intanet."

"Mutum arba'in da ɗaya ne kawai suka kalla."

"Ko mutum ɗaya ne. Shekara tara tana aika musu waƙa ana mayar mata."

"Sha ɗaya."

"Dattijo, kai kuma ina ka san wannan?"

"Ba mugunta ya yi ba. Ƙawayen marigayiya uwarta ya so su ji."

Matar ta dube shi, ta cusa jaridar a jaka.

"Wajenta za ka?"

"Tikiti dai na yanka. Yau kwana shida ba ta ɗaga wayata."