Tandun Kwallin Gidanmu

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa. Daga wajen Dawakin Tofa nake rubuto muku, hankalina a tashe.

Muna da tandun kwalli na gado, tun na kakannin kakanni. Duk biki, da tsinke ɗaya ake zizara wa kowa. Bayan bikin yayata idanunmu suka kumbura, ga ƙaiƙayi. A asibiti aka ce ƙananan ƙwari ne da ido ba ya gani, tsinken ya yaɗa mana.

Na gaya wa Inna, ta ce, "Ke! Kakar taki ce mai ƙwari?"

Juma'ar nan bikin ƙanwata, Inna har ta fito da tandun. Don Allah, Malam, ka faɗa mata da bakinka. Yanzu haka rediyon na gefenta.